Yadda ake gyara fentin da ya yi ratsi-ratsi a kayan mota

Yawancin samarinmu da ke sayo gwangwanin fesawa a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota a nan Saudiyya, don su feshe bamba ko murfin madubi a gida, abu ɗaya ke kayar da su. Da sun ga wani gefe bai kama ba, sai su tsaya a wurin su yi ta danna. Fenti ya taru, ya gangaro kamar hawaye. In naka ya riga ya yi haka, ajiye gwangwanin, ka bar fentin ya kwana.

Washegari ka jiƙa sanfefa mai lamba 800 a ruwa, ka goge har tudu da kwari su daidaita. Inda ya gangaro, naɗa sanfefar a jikin guntun katako mai faɗi, domin yatsa rami yake haƙawa. In ka ci har roba ko ƙarfe ya fito, sai ka sake fesa asas a wurin, wato fentin ƙasa. Ka wanke, ya bushe, kada ka ƙara taɓa shi da hannu mai maiƙo.

Sai lokaci. Fenti ya fi son yanayin da bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa bazararmu tana haura 40. A irin wannan zafi feshin kan bushe a iska kafin ya sauka, shi ya sa wani wuri ke yin kaushi. A Riyad da sanyin safiya ake yi. A Jidda ka jira hantsi, saboda raɓar teku tana sa fenti ya yi fari-fari. Ko ina kake, a inuwa, ranar da babu ƙura, da abin toshe hanci na masu fenti.

Hannu shi ne aikin. Girgiza gwangwani minti biyu cikakku, ka gwada a kwali. Tazara santimita 20 zuwa 25, kuma ta zauna haka daga wannan baki zuwa wancan. Sabon shiga yakan tsaya cak yana lanƙwasa wuyan hannu, tsakiya ta sha fenti, gefuna su samu ƙura kawai. Kafaɗa ce za ta yi tafiya. Ka danna tun kafin ka iso bakin bambar, ka saki bayan ka wuce ta. Kowane layi ya hau rabin na samansa. Rashin wannan ne ke haifar da ratsin. Hawan farko zai fito a kwashe, kana hango asas ta ciki, haka ake so. Jira minti 10 zuwa 15, ka ƙara. Sai a na uku yake rufewa.

Ni dai ba na yarda da gwangwanin shagunan Abu Khamsa masu kayan arha, bakinsu tofi yake yi. Gara ka kwafi lambar kalar motarka, galibi tana jikin ƙofar direba, ka je a haɗa maka. Kuma ka sayi biyu, gwangwanin da ya kusa ƙarewa ba ya fesa daidai.

In ruwan azurfa ne, hawan ƙarshe ka ja baya kaɗan, ka yi masa yayyafi a gicciye don ƙyalƙyalin ya baje. Bayan rabin awa ka bi da fentin sheƙi hawa biyu, ka bar shi kwana biyu kafin ka mayar a mota.