Yadda ake haɗa bargon tunawa da zannuwan mahaifiya

Innarmu ba ta yar da ƙyalle. Duk guntun atamfar da ya ragu a wajen tela sai ta ce a karɓo mata, ta tara a cikin wani tsohon adudu a ƙarƙashin gado. Shekara bakwai ta yi tana jinyar kakarmu, uwar mijinta, kuma a zaman jinyar nan ta ɗinka yawancin bargunan da muka rufa da su muna yara. Tana zaune a bakin gadon tsohuwa, allura a hannu, kunnenta na kan numfashin mara lafiya. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa sai na haɗa bargo ɗaya da nata zannuwan. Tun daga nan 'yan uwa da ƙawaye ke tambayata yadda na yi, shi ya sa na rubuta, har da wuraren da na yi kuskure.

Kafin almakashi, maganar gado

Tufafin mamaci dukiyar gado ne, komai tsufansu. Sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba, sannan magada su raba abin da ya saura kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Saboda haka kada ki buɗe akwati ki kwashi zannuwa don kawai ke ce kika yi jinya. Ki jira a share makoki, ki tara magada, ki faɗa musu abin da kike son yi. Wanda ya yafe rabonsa, madalla. Wanda bai yafe ba, a yi wa zanen kuɗi ki saya. In akwai yaro ƙarami a cikin magadan, babu mai yafewa a madadinsa, sai a kimanta rabonsa a ajiye masa, kuma gara ki tuntuɓi malamin da ya san rabon gado.

Ni a nan na fara tuntuɓe. Na yanka wani koren zane ban tambayi kowa ba, ashe Yaya ta daɗe da sa rai a kansa, don da shi Inna ta je sunan ɗan Yaya na fari. Wata biyu muna gaisuwa sama-sama.

Waɗanne zannuwa za ki ɗauka

Hannu zai fara kaiwa kan na ƙasan akwati, su Holan da Sufa da leshin da ba a ɗaura ba sai ranar biki. Ki bar wa masu rabo waɗannan. Zannuwan da za ki nema su ne na yau da kullum: wanda take ɗaurawa in za ta shiga madafa, wanda ta goya ku da shi, majanyi, kallabin da ya koɗe don wanki. Su ne idonki ya saba gani a jikinta, kuma su ne magada ba sa jayayya a kansu.

A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aiki. A 1942 wata mata a cikinsu, Missouri Pettway, ta haɗa bargo da wanduna da rigunan gonar mijinta bayan rasuwarsa. Bargunan ƙauyen nan an baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002, a 2006 kuma suka hau kan sarkin gidan wayar Amurka. Abin da aka je kallo tsumman aiki ne, har da shatin gwiwar da ta goge a jikin wando.

Ki tsaya a kan auduga zalla. Atamfa da atamfa suna zama lafiya. Leshi, yadin roba da mayafi mai santsi kuwa jansu daban ne, in kika haɗa su da atamfa ɗinkin zai tattare bayan wanki ɗaya. Kowane zane ki ɗaga shi a rana. Inda haske ya ratsa sosai ya mutu, ki kauce masa wajen yanka. Galibi mazaunin zane da bakin da ake sokewa a ƙugu su ke fara ci.

Kafin ki taɓa komai, ki kwashi zannuwan ki kai wa gwaggo ko ƙanwar mahaifiyarki ko tsohuwar aminiyarta. Ki shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, ki kunna naɗar murya a waya, ki yi shiru. Za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. Ni a nan na san cewa wani shuɗi mai zanen tsuntsaye ankon bikin ƙanwarta ne, kuma da kuɗin ƙuli-ƙuli ta biya shi, kaɗan-kaɗan. Gwaggo ta riƙe zanen ta ce, "Ke 'yar nan, uwarki ta sha wuya a gidan nan, ba ta dai faɗa ne." Wannan zaman ya fi mini ɗinkin kansa.

Wanki da yanka

Ki ware kallabi ɗaya da ba za a wanke ba, ki sa a leda ki ɗaure, ki rufe a cikin kwalla. Ƙamshin turaren wutarta yana nan a jiki, wanki ɗaya zai tafi da shi. Sauran ki wanke kowanne daban, ki lura da mai zuba, musamman ja da baƙi. Wanda ya ƙi daina zuba bayan ɗauraya uku ki cire shi. Na yi taurin kai da wani ja, ga shi nan har yau ya ɓata fararen da ke kewaye da shi. Bayan sun bushe ki goge su sumul.

Ki yanka kwali mai kauri murabba'i, inci 7 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki ɗora a bayan zane, ki zagaye da alli, ki yanka, kina bin tsayin saƙar, don wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi. Ɗinki zai ci rabin inci a kowane gefe, saboda haka kowane gida, wato guntun da kika yanka, zai koma inci 6. Gida 10 a faɗi, 12 a tsayi, gida 120 ke nan, bargon zai fito inci 60 da inci 72. Zane mai yadi biyu in lafiyarsa lau zai ba da gida kusan 60, tsoho kuwa da wuya ya wuce 35. Zane takwas sun isa har a yi saura, sauran kuma na mai son nasa bargon ne daga baya.

Haɗawa

Ki share tsakar ɗaki, ki jera gidajen nan a kan tabarma yadda kike so su fito. Ki raba masu duhu, kada su taru a kusurwa ɗaya. Ki ɗauki hoto da waya, don yara za su bi ta kai kafin ki gama. Sai ki ɗinka layi-layi, fuska na kallon fuska, gida goma a kowane layi. Keken Butterfly na gida ya isa, hannu ma yana yi in kin ƙanƙanta ɗinkin. Ki kwantar da haɗin layin farko da dutsen guga zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe, don kusurwoyi su haɗu ba tare da tudu ba. Daga nan ki haɗa layukan goma sha biyu.

Bargo hawa uku ne: fuskar da kika haɗa, ciki, da shafi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, duk wanda ya kalli 'yan lifidi a hawan Sallah ya ga yadi biyu da aka cusa wa audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki. A ciki ki sa tsohon zanen gado na auduga ko siririn bargo. Kada ki sa soso, yana marmashewa, ga zafi. Shafin zai ci yadi huɗu da rabi, ki raba biyu ki haɗa su gefe da gefe, ki rage shi yadda zai ɗara fuskar da inci 2 ta kowane ɓangare.

Ki shimfiɗa shafi a ƙasa fuskarsa na kallon tabarma, ciki a kai, fuska a sama. Ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi. Sannan ki fara ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa baki, kina bin layin haɗin gidajen, kina shafewa da tafin hannu. In kika fara daga baki, yadin zai taru ya yi miki ƙulli a tsakiya. Wannan shi ne aiki mai cin lokaci, ni sati biyar na yi, bayan isha'i. Wani daren gida uku kawai nake yi in ajiye, ido ya ƙi gani. In kin gama, ki naɗo rarar shafin ta hau kan fuska, ki kalmashe sau biyu ki bi da ɗinki.

A bayan bargon, can kusurwa, ki ɗinka farin ƙyalle ki rubuta sunan da kuke kiranta da shi da shekarar rasuwarta. Kada ki rubuta aya ko addu'a, kada ki sa suna mai ɗauke da sunan Allah, don abu ne da za a zauna a kai, jariri ma zai jiƙa shi. Ni "Inna" kawai na sa.

Wanki da hannu, da ruwan sanyi, shanya a inuwa. In wani gida ya yage ki ɗora faci daga ragowar da kika ajiye. Namu yawo yake yi, kowane hunturu yana gidan ɗaya daga cikinmu. Bana yana wajen Yaya, kuma ta aiko mini cewa gidan koren zanen nan ya fara sakin ɗinki, in zo da allura.