Yadda Za Ka Tafiyar da Ma'aikatan da Harshensu Ba Ɗaya Ba

Na sha ganin sababbin shugabannin sashe suna faɗawa rami ɗaya. Mutum ya gama bayani a taro, ya ce "kowa ya gane?", a gyaɗa masa kai, ya tashi hankalinsa kwance. Bayan sati biyu aiki ya dawo a karkace.

Da farko, a tsayar da harshen aiki guda ɗaya, a sanar da kowa a rubuce. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsunan hukuma shida, amma sakatariyarta da Turanci da Faransanci take aiki. Kai da ba ka da rundunar tafintoci, ɗaya ya ishe ka. Hirar lokacin hutu kuwa, kowa ya yi da harshen da ya ga dama, kada ka sa baki.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar: ka daina tambayar "kun gane?". Injiniyan da ya shekara ashirin yana aiki ba zai ɗaga hannu gaban yaransa ya ce Turancin ya wuce shi ba. Kunya za ta sa ya ce "to". Maimakon haka, ka ce masa: "Malam, faɗa mini da bakinka abin da za ka yi, da ranar da za ka gama." Haka matuƙan jirgin sama suke yi, duk umarnin da hasumiyar filin jirgi ta ba su sai sun maimaita, domin rashin fahimtar juna yana iya cin rai. A 1990 wani jirgin kamfanin Avianca daga Kolombiya ya faɗi kusa da New York bayan mansa ya ƙare. Matuƙan sun faɗi cewa mai ya yi ƙasa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar halin gaggawa da masu kula da jirage ke sauraron ji ba. Mutum 73 suka rasu.

Ni ma abin ya taɓa cina. Wani abokin aikina Ba'amurke ya rubuto mini 03/04 a matsayin ranar miƙa rahoto. Na ɗauka 3 ga Afrilu, ashe 4 ga Maris yake nufi, domin su wata suke fara rubutawa. Wata guda muka makara, kuma har yau ina jin ciwon abin. Tun daga nan ban yarda a rubuta wata da lamba ba, sai da sunansa. Haka ma adadi: 1,500 a wurin Bafaranshe ko Bajamushe ɗaya da rabi ne.

Na uku, wanda harshen aikin shi ne harshen uwarsa, shi ya fi buƙatar gyara. Ya rage gudu, ya bar karin magana da barkwancin ƙasarsu, jimla ɗaya umarni ɗaya.

Bayan kowane taro a aika da taƙaitaccen saƙo a ranar: wa zai yi me, yaushe. Manhajojin fassara irin su Google Translate ko DeepL sun isa ga saƙon yau da kullum, kuma kyauta ake samu. Amma kwangila da umarnin kare lafiya a wurin aiki, a biya ƙwararren mai fassara ko da tsada, sannan wani ma'aikaci mai jin harshen ya karanta kafin a manna.