Kurakuran da ke raba ma'aikaci da izinin ganin sirrin gwamnati a Amurka

Ga mai aiki da gwamnatin Amurka ko kamfanin da ke yi mata kwangilar tsaro, izinin ganin bayanan sirri shi ne tuwonsa. In aka janye, sau da yawa aikin ma ya tafi. Tun 2017 ana auna kowa da ma'aunai 13, daga A zuwa M, na K kuwa shi ne na sakaci da sirri. Abin tausayin, da yawa daga masu faɗuwa ba maciya amana ba ne, rashin sanin matakin ɗauka bayan kuskure ke kayar da su.

Babba a ciki shi ne yin gum. Mutum ya isa gida, ya zuge jaka, sai ga takarda mai tambarin sirri ta maƙale a cikin sauran takardu. Gabansa ya faɗi. Washegari ya lallaɓa ya mayar, yana ganin ya tsira. Alhali ma'aunin K ya faɗa ƙarara cewa ana sassauci in abin tsautsayi ne, an kai rahoto nan take, babu alamar sirrin ya fita, kuma ba halin mutum ba ne. Shirun nan ya zubar da wannan dama. Ka kira jami'in tsaron wurin aikinka a daren. Kada ka yaga takardar, kada ka goge saƙon da ya shiga kwamfutar da ba a amince da ita ba. Bar wa masu bincike su gani.

Sai masu kai aiki gida don ƙwazo. Nghia Hoang Pho, ma'aikacin hukumar leƙen asiri ta NSA, ya shekara biyar yana kwasar bayanai zuwa gida, ya ce neman ƙarin girma yake. A 2018 aka yanke masa ɗaurin wata 66. Kyakkyawar niyya ba ta buɗe wannan ƙofa.

Ƙarya a fom ɗin SF-86 da ake cikewa don neman izinin, ko gaban mai bincike, ta fi sakacin muni, don tana jawo ma'aunin E na halayya, kuma laifi ce mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ma'aikacin ɗan kwangila da aka aiko wa takardar dalilan hana shi izini, kwana 20 gare shi ya amsa. Wasu kan zaɓi a yanke hukunci kan takardu kawai don jin nauyin tsayawa gaban alƙalin ofishin DOHA na ma'aikatar tsaro. A ganina asara ce: alƙalin da bai ji muryarka ba, da me zai auna gaskiyarka? Kuma ka guji cewa "ai kowa haka yake yi". Kawo shaidar horon da ka sake yi, da wasiƙar shugabanka, da tsawon lokacin da ka yi ba ka maimaita ba. Tun shari'ar Egan ta 1988 Kotun Ƙoli ta ce ba wanda izinin nan yake haƙƙinsa, kuma in akwai kokwanto tsaron ƙasa ake fifitawa. Duk hujjar da ka rage don ɗaukaka ƙara ta tashi a banza, domin kwamitin ɗaukaka ƙara ba ya karɓar sabuwar shaida, sannan sai ka jira shekara guda kafin a sake nema maka.