Darasi na 9: Minsharin da ba na barci ba

Mu karanta tare, a hankali.

Bayan sallar isha'i a unguwar Aboabo da ke Kumasi, samari suna zaune suna shan ataya. Ɗaya ya jingina da bango, kansa ya rataya, yana minshari mai kama da kakari. Abokinsa ya ce, "Ku ƙyale shi, Red ce ta kama shi, kafin asuba zai ware." Mai tuwo da ke tattara kwanukanta ta matso ta ce, "Ɗana, haska mini idonsa." Ya ce, "To, Mma." Baƙin tsakiyar idon ya tsuke kamar kan allura.

Wannan yaro ba barci yake yi ba, ƙwayar maye da ake kira Red, mai dangi da tiramol, ita ce ta yi masa yawa. Tiramol, kodin, tafentadol da hodar heroyin duk dangin ofiyam ne, kuma idan suka yi yawa a jiki, numfashi suke kashewa. Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100, amma na lungu har mai 225 ake sayarwa. Alamu uku za ku riƙe: ido ya tsuke, an kira shi an girgiza shi bai amsa ba, numfashi ya yi ƙasa ko ya tsaya. A baƙar fata irin tamu, ku duba leɓe da dasashi, za ku ga sun koma launin toka.

Akwai maganin da ke karya wannan guba, sunansa nalokson. Yana ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin minti 2 zuwa 3. Akwai na allura, akwai na fesawa a hanci. Ba ya sa maye, kuma idan aka ba wanda bai sha irin waɗannan ƙwayoyi ba, ba ya cutar da shi. Shi ya sa tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koya wa iyali da maƙwabta amfani da shi, domin su ne ke wurin kafin likita. Ku tambayi ma'aikatan lafiya na unguwarku ko za su zo ajinmu su nuna mana.

To, me Mma za ta yi? Ta sa mutum ɗaya ya kira 112, lambar neman motar asibiti. Ta kwantar da yaron rigingine, ta ɗaga haɓarsa. In akwai nalokson na hanci, ta fesa duka a ƙofar hanci ɗaya. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki, sau ɗaya kowane daƙiƙa 5. Ko babu nalokson a hannu, wannan hurawar tana riƙe rai. Bayan minti 3 bai farfaɗo ba, a ba shi na biyu. Da numfashi ya dawo, a juya shi kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi.

Ina roƙonku, a daina ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko ruwan gishiri. Huhu suke shiga. Kuma kada kunyar abin da mutane za su faɗa ta sa a kulle shi a ɗaki.

Wurin da aka fi kuskure shi ne bayan ya farka. Zai iya tashi da fushi da ciwon jiki, ya ce shi lafiyarsa lau. Kada ku yarda. Ƙarfin nalokson minti 30 zuwa 90 ne kawai, ƙwayar kuwa tana nan a jini, numfashin zai iya sake tsayawa. Tiramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda nalokson ba ya maganinta. A kai shi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, wani ya zauna kusa da shi a hanya yana lura da ƙirjinsa.

Aikin aji

1. Rubuta alamu ukun a littafinka.
2. Rubuta lambar kiran motar asibiti.
3. Ku tashi biyu-biyu, maza daban mata daban, ku gwada juya mutum kan gefensa.