Kurakuran da muke yi wa yara kafin su fara zuwa makaranta

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar da muke yi cewa karatun yaro yana farawa ne ranar da aka wanke masa allo ko aka ɗinka masa kayan makaranta. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa sai ka ji uba yana cewa, "Ai bai yi wayo ba tukuna, bari ya tasa a kai shi wajen malam." Alhali ma'aikatan lafiya sun daɗe suna jan kunne kan kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma da saurin da ba za ta ƙara yi ba. Malami yana ɗorawa ne a kan abin da aka zo masa da shi daga gida.

Mu fara da shiru. Jariri kan wuni a goye, uwa na surfe, tana tankaɗe, tana talge, ba wanda ya ce masa uffan, wai me ya sani. Yana ji kuwa, kuma da jin nan yake tara kalmomin da zai furta gobe. Gyaran bai cin ko sisi. Kina yi masa wanka ki riƙa faɗa: "Ga ruwa, ga sabulu, miƙo ƙafa." In ya yi gwaranci ki dube shi ki amsa, sannan ki saurara ya sake. Wanda ya fi cutuwa a nan shi ne ɗan fari, saboda alkunya. Yarinya ta haihu, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban surukai, wata ko a ɗaka sai ta share shi. Ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, amma kada yaro ya biya kuɗinta. Uwar miji ce ke da maganin wannan. In ta ce, "Ke 'yar nan, yi wa ɗanki wasa, ba komai," an gama.

Da ya kai shekara uku zuwa huɗu sai tambaya ta ɓarke. "Baba, ina rana take kwana?" Amsar da ya fi samu ita ce, "Kai, ka cika surutu." Yaron da ake kwaɓa kullum yakan daina tambaya, ranar da ya shiga aji kuma a ce ba shi da kai. Iyaye maza, wannan naku ne, domin da yawa sun bar wa mata rainon kacokan sun tare a majalisa. Ka tafi da shi gona da sanyin safiya, ka nuna masa bambancin zangarniyar gero da ta dawa, ka bar shi ya taɓa kwanson riɗi. Da magariba ku ƙirga tumaki tare suna shiga turke.

Batun ƙirgan ma akwai ruɗi a ciki. Ana murna yaro ya iya rera ɗaya zuwa ashirin, amma ka zube dabino a faifai ka ce ya miƙo maka huɗu, sai ya dumbuzo. Waƙa ya haddace, bai san adadi ba. A sa shi ya taɓa kowane abu da yatsa yana ƙirgawa, ya raba wa ƙannensa gyaɗa bibbiyu, ya ware wake daga tsakuwa. 'Yar carafke ma darasi ce.

Sai waya, wadda ta zama mai raino a gidaje da yawa. Yaro ya yi kuka, a kunna masa bidiyo a miƙa masa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Dalili a fili yake: waya ba ta amsa masa. Tatsuniya tana amsawa. In Kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," aka gama labarin Gizo da Ƙoƙi, a tambaye shi, "Da kai ne Gizo, ya za ka yi?" A bar shi ya maimaita labarin da bakinsa, ko da ya jagwalgwala shi.

Ciki ma yana da hannu a karatu. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Bayan nan koko tsura ba ya gina yaro. A haɗa garin kunun da gyaɗa da waken suya, a ba shi ƙwai, kifi da miyar zogale, a yi girki da gishiri mai aidin. Abin takaici ne a kwashe ƙwan gida kaf a kai kasuwa, mai tamowa na zaune a tsakar gida.

Duka kuwa ba ya sa harafi ya zauna. Bahago musamman yana shan wahala: a koya masa cin abinci da dama cikin lallashi, amma in hannunsa na zane a ƙasa hagu ne, a ƙyale shi.

Akwai kuma abin da muke rufewa da cewa "nauyin baki ne, gadon gidansu ne." Wani lokaci haka ne, wani lokaci kunne ne ba ya ji sosai. In yaro ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu kamar "Inna ruwa" ba, ko ana kiransa daga baya ba ya waiwayowa, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi asibitin da ya fi kusa a duba shi, kada a tsaya ɗiga masa mai ko wani haɗi a kunnen.