Tukunyar chili: girkin Amurka da zai sauƙaƙa wa sabon zuwa hunturunsa na farko

Duk wanda ya sauka Amurka domin karatu ko aiki zai tarar cikin 'yan makonni cewa lokacin girki ya yi masa ƙaranci, ga sayen abinci a waje yana cin aljihu, ga kuma shakkar abin da aka zuba a cikinsa. Shawarata ga 'yan uwa sababbin zuwa ita ce su koyi dafa abincin da ake kira chili tun kafin sanyi ya kankama, domin tukunya ɗaya tana iya riƙe mutum kwana uku ko huɗu, kayan haɗinta suna nan a kowane kanti, kuma hannun da ya saba da miyar dage-dage da faten wake ba zai sha wahalarta ba.

Cikakken sunansa chili con carne, wato barkono da nama a harshen Sifaniyanci. Ya yi suna ne daga birnin San Antoniyo na jihar Teksas, inda mata 'yan asalin Meziko suke kafa tukwane a dandalin gari da dare a ƙarshen ƙarni na 19, kamar dai yadda masu abincin dare suke yi a bakin tasha. A shekarar 1977 majalisar Teksas ta ayyana shi a matsayin abincin jihar a hukumance, kuma tun 1967 ake gasar dafa shi kowace shekara a wani ƙauyen hamada mai suna Terlingua. Mutanen Teksas na gargajiya sun tsaya a kan cewa ba a sa wake a ciki, kuma suna iya musu a kan haka har gari ya waye. A birnin Sinsinati na jihar Ohayo kuwa, inda wasu baƙi daga yankin Masadoniya suka fara nasu salon a 1922, kirfa suke sawa su zuba shi a kan taliya. Sabon zuwa bai da ruwa da wannan gardama. Ya sa wakensa, domin wake ne yake sa tukunya ta yi auki.

Abu na farko da ya kamata a kiyaye shi ne garin da aka rubuta wa chili powder a jikin kwalba. Ba dakakken barkono ba ne irin wanda muka sani. Haɗi ne na busasshen barkono marar zafi sosai da wani kayan ƙamshi mai suna kumin da tafarnuwa da ganyen oregano, wani lokacin har da gishiri, kuma shi ne yake ba abincin ƙamshinsa da duhun launinsa. Ni kaina a makona na biyu na saye shi da niyyar barbaɗawa a kan shinkafa da wake, na zuba cokali biyu ina jiran yaji ya tashi, sai na ji wani ƙamshi da ban san shi ba, zafi kuwa babu ko kaɗan. Mai neman zafi sai ya nemi cayenne, wato garin jan barkono mai zafi, ko kuma ɗanyen habanero, wanda ɗan uwan attaruhu ne na jini, ƙamshinsu ɗaya kuma zafinsu bai da nisa da juna. Jalapeño kuwa, wanda Amurkawa da yawa suke ɗauka mai zafi, a bakin Bahaushe bai fi tattasai da yawa ba.

Ga yadda nake dafawa domin mutum biyar ko shida. Ana buƙatar niƙaƙƙen naman sa laba biyu, wato kusan giram 900, daga mahaucin halal, kuma a manyan birane irin su Niyok da Hustan da Shikago samunsa ba ya wuya, a shagunan Larabawa ko na 'yan Fakistan ko na 'yan Afirka ta Yamma. Sai manyan albasa biyu, da tafarnuwa, da tattasai biyu, da babban gwangwanin tumatir mai oza 28, da gwangwanin wake biyu masu oza 15 kowanne. A fara soya naman a tukunya mai kaurin gindi, kashi biyu, kada a cika shi gaba ɗaya, domin idan ya yi yawa ruwa zai tsatso ya dafu maimakon ya soyu. A bar shi har ya yi ja ya ɗan kama gindin tukunya, saboda a wannan kamun ne daɗin yake. A kwashe, a soya albasa da tattasai a cikin man da ya rage, sannan a zuba garin chili cokalin cin abinci uku da kumin cokali ɗaya, a juya su cikin mai kamar minti ɗaya har ƙamshi ya cika ɗaki. Daga nan sai a mayar da nama, a zuba tumatir da ruwa kofi ɗaya ko biyu, a kankare abin da ya kama a gindi da muciya, a rage wuta sosai, a rufe rabi, a bar shi sa'a ɗaya da rabi yana ɓararraka a hankali. Wake yana shiga ne a rabin sa'ar ƙarshe, bayan an tsiyaye ruwan gwangwanin an ɗauraye shi. Ni nakan daka daddawa kaɗan in jefa, kuma har yau babu maƙwabcin da ya gane mene ne, sai dai su ce nawa ya fi nasu ɗanɗano. Idan ya yi ruwa, ana kaɗa cokali biyu na garin masarar Meziko mai suna masa harina a zuba. Sunan ne kawai ya yi kama da masarmu ta tanda, kalmar tana nufin ƙullu a Sifaniyanci.

A kan wake akwai gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Jan wake mai siffar ƙoda, wanda aka fi sawa a chili, yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa idan bai tafasa sosai ba. Na gwangwani ya riga ya dahu, babu damuwa. Amma wanda ya sayi busasshe domin arha, sai ya jiƙa shi ya kwana, ya zubar da ruwan, ya tafasa shi a wuta mai ƙarfi kamar minti 30 kafin ya haɗa, kuma kada ya zuba shi ɗanye a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, domin zafinta ba ya isa ya kashe sinadarin. Waken namu na gida yana nan a kantuna da sunan black-eyed peas, asalinsa ma daga Afirka ta Yamma ya tsallaka a zamanin cinikin bayi, ya fi saurin nuna, kuma yana shiga chili lafiya lau.

Dalilin da ya fi ƙarfi na dafa shi a gida shi ne halacci. Chili da ake kawowa wurin aiki ko makaranta sau da yawa yana ɗauke da naman alade, ko tsiran alade na Meziko da ake kira chorizo, kuma masu girki da yawa suna tuttula kwalbar giya a tukunya. Ba rashin ladabi ba ne a tambaya ko akwai pork ko bacon (dukansu naman alade ne) ko beer (giya) a ciki, Amurkawa sun saba da irin wannan tambaya. Burodin masara da ake ci da shi ma yana buƙatar duba, domin wasu garin haɗinsa na kwali, har da sanannen nan mai tambarin Jiffy na asali, suna da lard, wato kitsen alade.

A wuraren aiki da unguwanni akan shirya walimar da kowa zai kawo abin da ya dafa, musamman a kaka da kuma ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a watan Fabrairu, kuma chili ne sarkin irin wannan zama. Wanda zai kai nasa ya rage attaruhu zuwa rabin ɗaya, ya ajiye sauran a ƙaramin kwano daban, domin na taɓa sa guda huɗu na kuma ga abokin aikina, dattijo mai mutunci, yana share hawaye yana neman madara. Kada kuma a barbaɗa yajin tsire, saboda ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana iya kai mai rashin jituwa da gyaɗa asibiti, kuma irinsu suna da yawa a nan. A rubuta kayan haɗin a 'yar takarda a manna a jikin tukunya.

Abin da ya rage a sa shi a firiji kafin sa'a biyu su wuce, a cikin ƙananan robobi domin ya yi saurin hucewa. Yana kai kwana uku zuwa huɗu, na firiza kuwa watanni, kuma na washegari ya fi na ranar daɗi. Amurkawa suna cin sa da gogaggen cuku da yankakkiyar albasa da wani kirim mai tsami kamar kindirmo. A gidana a kan farar shinkafa yake sauka, ranar Lahadi kuwa idan akwai sarari, da tuwon masara.