Yadda ake zaɓen na'urar jita marar waya don wasa a kan dandamali

Kafin ka duba kwalin kowace na'ura, fara duba wuraren da kake wasa. Na'urar da ke aiki lafiya lau a ɗakin atisaye tana iya fara yankewa a zauren da ya cika maƙil, kowa da wayar salula a aljihu, ga makirufo marasa waya guda huɗu a kunne. Girman dandamali, yawan jama'a da yawan na'urorin rediyo da ke aiki tare da taka, su ne za su gaya maka abin da za ka saya.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai tiransimita, wadda ke jikin jita tana mayar da sautin tsirkiya siginar rediyo, akwai kuma rasiba, wadda ke kama siginar ta miƙa wa feda, wato ƙaramin akwatin canza sauti da ake takawa da ƙafa, ko amfilifaya. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga ɗayan wurare uku take fitowa: iskar da siginar ke ratsawa, batirin tiransimita, ko ramin jita da ake jona ta.

Zangon da na'urar ke aiki a kai

A nan ne akasarin masu saye ke yin kuskure, don haka a nan za mu daɗe.

Zango shi ne yankin igiyoyin rediyo da na'ura ke aika sigina a ciki, ana auna shi da megahaz ko gigahaz, wato megahaz dubu. Yawancin ƙananan na'urori suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4. Daɗinsa shi ne ba a neman lasisi a kusan ko'ina a duniya, ka kunna kawai ka kama wasa. Illarsa kuwa cunkoso, domin a nan Wi-Fi da Bluetooth suke. Duka faɗin zangon daga megahaz 2400 ne zuwa 2483.5, kuma kowace tashar Wi-Fi tana cin kusan megahaz 20. Idan na'urorin raba intanet uku suka zauna a tasha ta 1 da ta 6 da ta 11, sun mamaye mafi yawan filin, jitarka sai dai ta raɓa a gefe. Mutane sukan manta cewa mai haɗa sauti ma yakan zo da tasa na'urar Wi-Fi don sarrafa miksa, wato na'urar haɗa sauti, da kwamfutar hannu, kuma sau da yawa a bakin dandamali yake ajiye ta, dab da fedojinka.

Akwai illa ta biyu. Tsawon igiyar wannan zango kimanin santimita 12.5 ne, kuma ruwa yana shanye ta. Jikin mutum kuwa akasarinsa ruwa ne. Idan tiransimita tana bayanka kuma ka fuskanci rasiba, jikinka ya zama katanga a tsakaninsu. Idan ka sauka cikin jama'a, kowane mutum wata katangar ce.

Zangon gigahaz 5.8 bai kai wancan cunkoso ba, sai dai siginarsa ta fi saurin gajiya, kuma Wi-Fi yana can shi ma. Wasu na'urori, kamar Shure GLX-D+, suna amfani da zangunan biyu, su koma wanda ya fi tsabta da kansu. Ga mai yawo daga wannan zaure zuwa wancan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai UHF, zangon da tashoshin talabijin ke amfani da shi, daga megahaz 470 zuwa sama. Igiyarsa ta kai kusan rabin mita, don haka tana kewaye jikin mutum ta wuce, kuma ana iya jera na'urori da yawa ba tare da sun taka juna ba. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin kiɗa suke riƙe da shi. Amma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amurka ta haramta amfani da irin waɗannan na'urori a zangon megahaz 700 tun 2010, sannan ta rufe mafi yawan zangon 600 a watan Yulin 2020 bayan an sayar wa kamfanonin waya. A Turai, megahaz 863 zuwa 865 ba ya bukatar lasisi, alhali a Birtaniya tasha ta 38, wato 606 zuwa 614, sai da lasisi. Na'urar UHF takan zo da lambobin zangonta a rubuce a jikin rasiba. Karanta su ka gwada da dokar ƙasar da za ka yi wasa, musamman idan na hannu za ka saya, domin tsofaffin da aka daina amfani da su a wata ƙasa su ne ke yawo da araha.

A taƙaice, idan ƙaramin wuri kake wasa kuma na'urori marasa waya ba su wuce biyu ko uku ba, gigahaz 2.4 ya ishe ka. Idan mawaƙa suna da nasu makirufo, ga na'urorin saurare na kunne, ga mai bes, jitar nan mai kaurin sauti, shi ma ba waya, nemi UHF ko mai zango biyu.

Analog ko dijital

Na'urar analog tana matse sauti kafin ta aika, rasiba kuma ta sake buɗe shi. Wannan matsewa da buɗewa ba sa dacewa ɗari bisa ɗari. A na'ura mai rauni za ka ji kaifin bugun farko ya dushe, ko wani shuu yana tashi yana sauka a bayan sautin yayin da tsirkiya ke mutuwa. Ba kowa ne ke ƙin wannan launi ba. Angus Young na ƙungiyar AC/DC ya so sautin na'urar Schaffer-Vega ta shekarun 1970 har ya riƙa amfani da ita a situdiyo, inda babu abin da ya hana shi jona waya. Amma wannan zaɓi ne na mai neman wani sauti na musamman.

Dijital ba ta matsewa, tana kwashe sautin yadda yake, yawanci daga haz 20 zuwa 20,000, wato daga mafi kaurin sauti zuwa mafi siriri. Mai kaɗa bes ya lura da wannan lamba ta ƙasa: tsirkiyar E ta bes tana kan haz 41, B ta bes mai tsirkiya biyar tana kan 31, alhali mafi kaurin tsirkiyar jita tana kan 82. Wasu na'urorin analog suna fara yanke sauti tun kafin a sauka can, sai bes ya rame.

Yadda suke gazawa ma ya bambanta. Analog tana yin gargaɗi, shuu ya ƙaru a hankali har ka gane ka yi nisa. Dijital ba ta sallama, kana cikin kiɗa sai ka ji ɗif kamar an ɗauke wuta.

Jinkiri

Dijital tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta sarrafa sauti, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Boss WL-20 tana da milisakan 2.3, Sennheiser EW-D tana da 1.9. Don ka gane girman abin, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, ke nan kowace mita kusan milisakan uku ce. Jinkirin 2.3 bai ma kai na ja da baya mita ɗaya daga amfilifaya ba. Duk abin da ke ƙasa da milisakan biyar, kada ya hana ka barci.

Inda ake shan wahala shi ne taruwar jinkiri. Na'urar jita ta ci nata, fedar dijital ta ci nata, miksa ta ci, na'urar kunne marar waya ita ma ta ci. Idan jimillar ta haura goma, mai saurare da kunne zai fara jin kamar hannunsa ya riga sautin. Haɗa lissafin duka kafin ka saya. Kuma idan ka shiga cikin jama'a har mita 30 ka ji kiɗan yana zuwa a makare, kada ka zargi na'urar, iska ce ke cin kusan milisakan 87 kafin sautin lasifika ya iso ka.

Nisan da aka rubuta a kwali an auna shi ne a fili, babu katanga babu mutane. Raba shi biyu, ka ɗauki abin da ya rage a matsayin gaskiya. Ka kuma nemi rasiba mai eriya biyu, domin sigina tana karo da bango ta dawo ta kashe kanta a wasu gurabe, kuma da wuya eriya biyu su faɗa rami ɗaya a lokaci guda.

Yadda za ta zauna da jitarka

Tiransimita iri biyu ce. Akwai 'yar ƙarama da ake cusawa kai tsaye a ramin jita, akwai kuma ta ɗaurawa a maratayi ko a ƙugu, mai guntuwar waya. Ta cusawa ta fi sauƙin sauya jita, amma a jitar da raminta ke gefe, irin Les Paul, tana fitowa waje ta riƙa bugun cinya, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi na iya karya ta ko ya sassauta ramin. A jitar Stratocaster kuma ramin a lotse yake a karkace, wasu masu kaurin jiki ba sa shiga har ƙarshe. Tafi da jitarka ka gwada. Mai tsalle-tsalle a dandamali ya ɗauki ta maratayi, ya kuma sayi guntuwar wayarta ta biyu tun ranar farko, domin ita ce ke fara tsinkewa, kuma kowane kamfani da irin bakinsa: Shure tana amfani da mai ƙafa huɗu, Sennheiser da mai milimita 3.5 da ake murzawa.

Jita mai batiri a ciki, irin mai fikof na kamfanin EMG, tana da tarko. Fikof shi ne abin da ke ɗauko sautin tsirkiya a jikin jita. Ramin irin wannan jita shi ne makunnin batirinta, kuma kan waya mai zobe ɗaya ne ke kunna shi. Wasu ƙananan tiransimitoci suna da kai mai zobe biyu saboda ta nan ake yi musu caji. Ka cusa, ko dai ka ji shiru, ko wani siririn kuka ya biyo sautin. Maganinsa guntuwar wayar tsawaitawa mai zobe ɗaya a tsakani, wadda kuma take nesanta tiransimita da kayan lantarkin jitar. Duba takardar na'urar ka ga ko ta ambaci jita mai batiri.

Sannan duba juriyar mashigar tiransimita. Da om ake auna ta, kuma jita marar batiri tana son om miliyan ɗaya, kamar mashigar amfilifaya. Idan lambar ta yi ƙasa da haka sosai, sautin zai dushe.

Da yawa sukan ce na'ura marar waya ta sa jitarsu tsini. Gaskiya ne, ga kuma dalili. Wayar jita tana da kusan fikofarad 100 a kowace mita, wato ma'aunin lantarkin da take riƙewa, wayar mita shida ta tara kusan 600, kuma wannan yana aske siririn sautin sama. Kunnenka ya saba da askakken. Da ka cire wayar sai abin da take ɓoyewa ya bayyana. Shi ya sa Boss da Line 6 suke sa tsarin kwaikwayon waya a na'urorinsu. WL-20 tana da shi, 'yar'uwarta WL-20L ba ta da shi, an yi ta ne don jita mai batiri da ta katako mai ƙaramin amfilifaya a ciki, waɗanda waya ba ta canza musu sauti sosai. Wanda ke amfani da tsohuwar fedar Fuzz Face kuwa ya sani tun yanzu: fedar tana son ta ji fikof kai tsaye, kuma bayan rasiba ba za ta lafa ba idan ka rage murfin ƙarar jita kamar yadda ta saba. Wannan babu saitin da ke gyara shi gaba ɗaya.

Batiri da wuta

Ƙirga awannin daga gwajin sauti, ba daga waƙar farko ba. Idan an gwada sauti da ƙarfe huɗu aka tashi sha ɗaya, awa bakwai ke nan in ka manta ba ka kashe ba. Batirin da aka rufe a ciki yana raguwa da shekaru, kuma idan ya ƙare a tsakiyar wasa sai jiran caji. Mai cin batirin AA ko mai batirin cirewa, cikin rabin minti ka sauya. Idan da alkalin kake aiki, sa sabbi kafin kowane wasa, tsofaffin ka bar wa atisaye.

Rasibar da ke zama cikin fedoji tana jan wuta fiye da fedar analog nesa ba kusa ba. Karanta bolt da miliamfiya da take bukata, ka ba ta nata bakin wutar ita kaɗai. Idan ka jera ta a waya ɗaya da sauran fedoji, ƙugi zai shigo, ko ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa.

Gwaji kafin a buɗe ƙofa

Ajiye rasiba inda eriyarta ke ganinka, kada ta kasance bayan amfilifaya ko cikin akwatin ƙarfe, kuma ka nesanta ta da na'urar Wi-Fi aƙalla mita uku. Bari kowa ya kunna nasa makirufo da na'urar kunne tukuna, taka tiransimitar a kashe, sannan ka sa rasiba ta bincika tashar da ba kowa. Idan ka bincika kafin su kunna, za ta zaɓi gurbin da wani zai zo ya zauna a kai. Bayan haka kunna tiransimita, ka buga tsirkiyoyin da iya ƙarfin da za ka buga a wasa, kana kallon fitilar da ke nuna sauti ya yi yawa. Idan ta yi ja, rage. Sai ka gwada ƙarar da ta waya: jona waya ka saurara, cire ka koma marar waya, ka daidaita har su zo ɗaya, in ba haka ba duk fedojinka za su canza hali.

Daga nan taka dandamalin lungu-lungu kana kiɗa, ka juya wa rasiba baya, ka tsuguna, ka je duk inda kake niyyar zuwa. Inda ya yanke, manna ɗan tef a ƙasa. Zauren da ba kowa ya fi cikakke sauƙi ga sigina, don haka in ta yi tangal-tangal a yanzu, sauya tasha ko ka matsar da rasiba tun kafin jama'a su shigo. Sannan ka naɗe wayar jita mai mita shida ka ɗora a kan amfilifaya, bakinta ɗaya kusa da mashigar fedar farko, yadda idan sigina ta ɗauke za ka zare wayar rasiba ka cusa wannan kafin mai ganga ya gama zagaye biyu.